Rabin Aya

Tun ranar da aka dawo da Sylvester daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa a karkace, matarsa Damaris ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Mutane suka yi ta yaba mata, wai mace ce mai bangaskiya. Ita kuwa ta san ba bangaskiya ba ce. Wani abu ne ya mutu mata a ƙirji, irin yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta ba ka ji komai ba. Tana wanke shi, tana juya shi, tana ɗura masa kunu da cokali, duk ba ta jin zafi ba ta jin sanyi.

Sylvester Ibo ne, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, kuma Hausar bakinsa ta fi ta wasu masu tinƙaho da ita. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, a wani ɗan shago kusa da Bata, babu telan Fagge da bai san ƙofarsa ba. Damaris kuwa daga ƙasar Biu iyayenta suka zo da ita tana yarinya. A cocin masu sujada da Hausa suka haɗu, suka yi aure, suka kama ɗaki ciki da falo a wani gidan haya a Rijiyar Lemo, nan suka tsufa. Ɗansu ɗaya ne, Innocent, yana aiki can Fatakwal, sai dai waya.

Akwai wata al'ada da suka yi shekaru a kanta. Kowace safiya, kafin ya sa ƙafarsa a ƙasa, Sylvester yakan zauna a bakin gado ya ɗaga yatsa sama kamar mai ba da waƙa, ya karanto rabin wata aya daga Maganar Allah da babbar muryarsa. Rabin nan tambaya ce: mutum ne ya ɗaga kai yana neman ta inda taimako zai zo masa. Sai ya yi shiru. Damaris, ko tana falo tana ɗaura ɗankwali, ko tana tsakar gida tana hura gawayi, sai ta cika masa da ɗaya rabin, wanda shi ne amsar, cewa daga Ubangiji ne. Shi ke nan, gari ya waye. Ko sun kwana da faɗa ba a fasawa. Akwai safiyar da ta ba da amsar tana murguɗa baki, shi kuwa yana ciki yana dariya.

Ta sha ce masa ya rage murya, gidan haya ne, kuma duk maƙwabtansu Musulmi ne.

"Maman Inno," yakan ce mata, "maganar da ta tsaya a ciki ai iri ne a cikin buhu. Sai an fito da shi an jefa a ƙasa. Allah ma da zai yi duniya ba a zuci ya yi ba, magana ya yi."

To, mai wannan bakin ne hawan jini ya kayar a shago, da sukudireba a hannunsa. Da ya farfaɗo, magana ta tafi. Abin da ya rage masa gurnani ne guda ɗaya, "aaa," shi ne e, shi ne a'a, shi ne kuma sunanta. Likita ya ce ba a san iyakar abin da yake fahimta ba, a dai ci gaba da gashin ƙashi, a riƙa ba shi ruwa a kai a kai.

Ruwan nan kuwa ta riƙe shi da gaske. Kullum da sassafe sai Sylvester ya ɗaga hannunsa na hagu mai rai, yana karkarwa, ya yi gurnaninsa. Sai ta tashi ta ɗauko kofi daga kan tebur ta tallafo kansa ta ba shi. Yakan kurɓa kaɗan, sauran ya bi gefen baki ya jiƙa masa wuya, sannan ya juya fuskarsa bango. Ita kuma ta goge shi ta fita ta kama aiki.

Masu addu'a kam ba a rasa su ba. Fasto ya zo, zumuntar mata suka zo da anko ɗinsu, matasa ma suka zo da tafi. Kowa da ayarsa, kuma kowa ya iya ta tun daga kai har wutsiya. Sukan kewaye gadon su yi ta zubo masa Magana kamar ruwan sama a kan kwano, wannan bai sauke ba wancan ya ɗauka, babu ko ɗan tsakanin da ƙuda zai ratsa. Da niyya mai kyau suke yi, Allah ya sani. Amma mutumin da ake yi dominsa yana kwance ido a rufin ɗaki, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga ko yana da abin cewa.

Da za su tafi Fasto yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce mata, "'Yar'uwa, kada ki yi shiru. Ki furta Maganar da bakinki, akwai iko a cikin furci."

"To, Fasto," takan ce.

Ba ta furta ba. Ba don taurin kai ba. In ta buɗe littafin Maganar Allah sai ta ga baƙaƙe kawai a jere, idonta ya bi su har ƙasan shafi, ta rufe. Ayar safiya kuwa ba ta ko kusantarta. Rabin farko nasa ne, ba ta taɓa farawa ba tunda aka ɗaura musu aure. Rabi na biyu nata ne, amma amsa ce, ita kuwa yanzu ba ta da amsa. Ba ta fushi da Allah. Da ma fushin ne, da ta san tana da rai.

Ana haka ƙanen Sylvester, Chukwuma, ya iso daga kudu. Shi ma a Sabon Gari ya tashi, amma ya daɗe da komawa gida kasuwanci, Hausarsa ta yi tsatsa. Ya tsaya a kan ɗan'uwansa ya kira sunansa, ya yi masa magana da yarensu. Sylvester ya dube shi kamar yadda yake duban bango. Chukwuma ya fito falo ya zauna, ya daɗe yana murza goshi.

"Matar yaya," ya ce, "kin yi ƙoƙari. Amma wannan ba ya nan. Jiki ne kawai ya rage. A wurinmu ba a barin namiji ya mutu a ƙasar wasu. Gara mu kai shi gida da numfashinsa, 'yan'uwa mata suna can za su duba shi. Ke ki tsaya ki sallami shago, ki huta. Daga baya sai ki biyo."

Daga shi har ita sun san babu wani daga baya. Garin da Sylvester bai taɓa zuwa ba sai don jana'iza, garin da ita ba ta jin ko gaisuwarsu, in ya tafi ya tafi ke nan, sai dai a kira ta ranar binnewa. Ta duba cikin zuciyarta ko za ta tarar da wani abu da zai ce a'a. Ba ta tarar da komai ba. Innocent ma da aka kira shi a waya, cewa ya yi duk abin da Mama ta gani.

"To," ta ce.

Ranar tafiya da hantsi tana tsakar gida tana ninke masa kaya, sai maƙwabciyarta Morufat ta fito ta zauna kusa da ita. Bayerabiya ce haifaffiyar Fagge, kowa Iya Farida yake ce mata, wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Ta ja riga ɗaya ta kama ninkewa ba tare da an sa ta ba.

"Da gaske dai tafiya za a yi da shi?"

"Haka suka ce."

"Su suka ce. Ke fa?"

Damaris ta ɗauki wani wandon ta kakkaɓe.

"Kin san kun ɓata min lissafi, Maman Inno?" in ji Morufat. "Shekara da shekaru, in na idar da sallar asuba na yi lazimi, ba na duba agogo. Ina jin Baban Inno ya ɗaga murya, ke kin amsa, na san lokacin ɗora tukunya ya yi. Yanzu kuwa rannan har wakena bai nuna ba masu saye suka taru."

"Ai na sha ce masa yana damunku."

"Damu? Wa ya kawo miki ƙara? Addininku naku, namu namu, amma kunne ba shi da ƙofa. Zama da maɗaukin kanwa, har na haddace yadda yake jan ta." Ta rufe baki ta yi ƙugin muryar a maƙogwaro, ba kalmomin ba, hawa da saukar kawai, daidai yadda Sylvester ke yi, har da ɗan ɗagawar nan ta ƙarshe inda tambaya ke tsayawa. Sai ta dubi Damaris. "Me ya sa kika bari ɗakin ya mutu?"

"Shi ke farawa, Iya Farida."

"Ke ba ki da baki?"

"Nawa rabin amsa ce. Ba ni da ita."

Morufat ta ƙarasa ninkewa. Ta ɗora rigar a kan sauran, ta dafa gwiwar Damaris, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tashi. Amma ƙugin nan da ta yi ya maƙale wa Damaris a kunne. Tana zuge jaka yana nan, tana sa wa Sylvester takalmi a matacciyar ƙafarsa yana nan, ba daɗi yake mata ba, ba ciwo ba, yana dai ta zagayawa.

Da la'asar Modu ya kawo a-daidaita-sahunsa ƙofar gida. Shi ne mai kai su gashi asibiti, ya san yadda ake ɗaukar majinyacin. Shi da Chukwuma suka cicciɓo Sylvester suka zaunar da shi a tsakiya, Chukwuma ta ɓangaren da ya shanye yana tare shi da kafaɗa, Damaris da za ta raka su ta hagu, jaka a kan cinyarta. Za su tashar manyan motocin kudu a Sabon Gari. Matan gida suka fito rakiya har bakin zaure, ana ta Allah ya kiyaye hanya. Damaris tana amsawa da amin kamar wadda ake yi wa sallama a kasuwa.

A Bata hanya ta cushe. Wata babbar mota ce mai dilolin atamfa ta gitta, 'yan dako suna saƙawa tsakanin ababen hawa da kaya a ka, kowa na danna ham kamar shi ne zai buɗe hanyar. Modu ya kashe inji ya jingina. Chukwuma ya ciro waya yana faɗa wa wani a tasha da yarensu, da alama cewa yake a riƙe musu kujera. Daga inda suke Damaris tana hango shagon Sylvester. Ƙofar a rufe, wani mai sayar da silifa har ya baje kayansa a gabanta. Ta duba shagon, ta jira ta ji wani abu. Shiru.

Ta ɗaga kai. Ba abin gani a sama sai cikin gada da wayoyin lantarki. Ƙugin Morufat ya sake zagayowa, wannan karon da kalmominsa. Ba addu'a ta yi niyya ba, ba ta ma san bakinta ya buɗe ba. Sai dai ta ji muryarta, a dishe, tana yin tambayar nan ta mijinta, kalma bayan kalma yadda yake jan ta: ta ina taimako zai zo. Kuma da gaske take tambaya, don ba ta sani ba. Da ta kai ƙarshen rabin sai ta tsaya, saboda iyakar abin da take da shi ke nan.

Kafaɗar da ke jingine da tata ta motsa. Hannun hagun Sylvester ya taso daga cinyarsa yana karkarwa. Har ta fara laluben gorar ruwa a jaka. Sai ta ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, karkataccen bakin yana kokawa da wani abu mai nauyi.

"U…" ya ce. "U… ban… gi… ji."

Yawu ya biyo bayan kalmar ya sauka a ƙirjin rigarsa.

Chukwuma ya sauke wayar daga kunne. Modu ya juyo gaba ɗaya a kan kujerarsa.

"Mama, magana ya yi?"

"Surutu ne," in ji Chukwuma, amma muryarsa ba ta tsaya daidai ba. "Likita ya ce wani lokaci baki yana…" Ya haɗiye sauran. Ya dubi Damaris. "Sake. Sake abin da kika faɗa."

Ta sake. Wannan karon ta ɗaga murya yadda mai ita yake ɗagawa, har wani ɗan dako ya waiwayo, matan da ke cikin a-daidaitan kusa da su suka leƙo. Ba ta damu ba. Ta kai ƙarshen tambayar ta kama bakinta. Shirun ya yi tsawo. Amsar tana kan harshenta yanzu, tana neman fitowa, ta danne ta. Ta bar masa wurin.

"Uban… giji," in ji Sylvester. Idonsa a kanta yake, ba a bango ba, ba a rufin ɗaki ba.

A nan ne ta dubi hannun sosai. Yana nan a sama, yana rawa, yatsu huɗu a lanƙwashe, manuniya kaɗai a miƙe. Ba kofi yake nunawa ba. Bai taɓa nuna kofi ba. Yatsan nan ne na bakin gado, wanda ta manta da shi saboda shekara da shekaru daga falo take amsawa, ba ta ganinsa. Ashe duk safiyar duniya mutumin nan yana ɗaga yatsa yana neman fara ayarsa, farkon ya ƙi fitowa, yana kiranta ta kama masa, ita kuwa tana tallafo kansa tana ɗura masa ruwa. Ashe abin da yake juya wa baya ke nan in ya fuskanci bango.

Wanda ƙafarsa ta taɓa mutuwa ya san ba mutuwar ce mai ciwo ba, dawowar jinin ce. Haka ya zo mata, tun daga ciki har maƙogwaro, zafi da kunya da tausayi a haɗe, har ta dafe ƙarfen a-daidaita don kada ta faɗi. Ta kama yatsan da hannu biyu ta riƙe.

"Baban Inno, ka yafe ni," ta ce. "Ban gane ba. Wallahi ban gane ba."

Ya dube ta kawai. Ba shi da wata kalmar sai waccan.

Motar atamfa ta samu ta gyara, hanya ta fara motsi, na baya suka dame su da ham. Modu ya tayar da inji.

"Modu, juya," in ji Damaris.

"Mama, nan ba a juyawa, sai mun je gaba."

"To je gaban ka juya."

Chukwuma ya yi gyaran murya. "Matar yaya, mota za ta tashi. An riga an gaya wa mutanen gida."

"Ta tashi. Ka ce jiki ne kawai ya rage. Ka ji shi da kunnenka. Can wa zai yi masa tambayar? Da wane yare?"

Chukwuma ya dubi Sylvester. Ya sunkuya ya ciro hankici ya goge wa yayansa haɓa, ya daɗe yana gogewa bayan yawun ya ƙare. Wayarsa ta yi ta ƙara a cinyarsa bai ɗauka ba. Da suka kai inda ake juyawa, shi ne ya taɓa kafaɗar Modu ya nuna masa hanyar komawa Rijiyar Lemo.

Kada wani ya ce Sylvester ya warke, bai warke ba. Hannun dama yana nan yadda yake, ƙafar ma haka, kuma har yau bai iya kiran sunan matarsa ba. Zumuntar mata da suka ji labari sun so a kai shi gaban jama'a a ba da shaida, Damaris ta ce a bar shi ya huta. Ita kanta ba ta koma yadda take ba. Akwai ranakun da abin nan na ƙirjinta ke sake mutuwa, ta wuni tana aiki kamar inji.

Amma washegarin ranar da suka dawo, da gari ya yi haske, hannun hagu ya taso yana karkarwa, gurnanin ya biyo. Damaris ta tashi ta zauna a bakin gado, a wurin da yake zama. Kofi yana kan tebur, ba ta taɓa shi ba. Ta yi tambayar da ƙarfi, yadda za ta ratsa bango. Sannan ta yi shiru.

Ya daɗe. Ya fi na jiya daɗewa, har ta fara jin tsoron ko jiyan ce ta farko ta ƙarshe. Bakinsa ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa. Ba ta cika masa ba. Ta zauna da tambayarta a fili tana jira, har kalmar ta fito, guntu-guntu, amma duka.

Ta bayan bango aka ji ƙarar tukunya a kan murhu.

Sai a lokacin ta ɗauko kofin ta tallafo kansa. Ya sha, bai juya fuskarsa bango ba.